Salaga ba garin da za a leƙa daga cikin mota ba ne

Tun 2019, shekarar da gwamnatin Ghana ta gayyaci jikokin bayi su dawo gida, baƙi suka ƙaru a wuraren tarihi na arewacin ƙasar. Sai dai irin zuwan nasu akwai gyara. Mota ta taso daga Tamale, a sauka a tsohuwar kasuwar bayi ta Salaga, a leƙa rijiyoyi, a ɗauki hoto, kafin la'asar an juya. Ko ruwan leda ba lalle a saya a garin ba.

Mutanen Japan ba haka suke yi wa tsoffin hanyoyinsu ba. A tsibirin Shikoku, har yau masu ziyara na zagaya wuraren ibada 88, tafiyar kusan kilomita 1,200, wasu da ƙafa tun daga farko har ƙarshe. Wanda ba shi da wannan ƙarfi yana da tsohuwar hanyar Nakasendo: kilomita 8 daga Magome zuwa Tsumago, ya ci abinci a ƙauye, ya sayi aikin masassaƙa, ya kwana a masaukin gargajiya. Kuɗinsa na zuba a hannun mutanen hanya.

To, hanyar Gwanja, ƙasar da Salaga take, ita ma ai da ƙafa aka san ta. Ayarin fatake kan taso daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin rini, madugu a gaba, su shafe watanni kafin su ratso Yendi su sauka Salaga sayen goro. Bayi na cikin hajar kasuwar, kuma Hausawa na cikin masu cinikin. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma garin malamai ne kuma. A nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, shi kuma ya koma Kete Krachi. Baƙon awa biyu ba ya jin sunansa. Wanda ya taka daga unguwannin Salaga zuwa Kpembe, mazaunin sarki, da ɗan gari a gabansa yana ba shi labari, shi ne zai ji.

Yendi ma haka. Fadar Gbewaa ta sarkin Dagombawa, kabarin Babatu jarumin Zabarmawa da masaƙan riguna duk ƙafa na kai mutum. Adibo, inda Dagombawa suka gwabza da Jamusawa a 1896, tana kudu da garin.

Bawku ce mai wuya. Wurin tsafin Naa Gbewaa, kakan sarakunan Dagombawa, yana Pusiga, kusa da ita, amma rikicin sarauta da dokar hana fita sun kori baƙi, kuma babu mai hankalin da zai tura su yanzu.

Masu cewa rana ta yi zafi suna da gaskiya, a watan Maris ba a wasa da ita. Lokacin hunturu fa? Abin da ake buƙata bai kai kuɗin gina ƙofa guda ta ƙawa ba: alamun hanya, rumfunan hutawa, da samarin zango da aka koya wa tarihin garinsu. Majalisun Salaga da Yendi su fara da gajeruwar hanya ɗaya kafin bikin Damba mai zuwa.