Tonon Asiri da Rufin Asiri: Tawa a Hannun Masu Ɗaukar Hoto

Sau biyu cikin shekara 32 sunan Tawa yana shiga tarihin sana'ar ɗaukar hoto ta duniya, kuma duka biyun yunwa ce ta shigar da shi. Na farko a 1973, na biyu a 2005. A kowane karo baƙo ne ya zo da kyamara, sabon shiga a sana'ar, ya tarar da iyaye mata suna neman abin da za su ba ƴaƴansu, ya ɗauka, ya tafi, ya zama wani abu a duniya. Ya kamata malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Adar su san waɗannan mutane biyu da ayyukansu, su auna su da adalci, sannan su waiwayi masu hoton gida, waɗanda aikinsu yake kwance a akwatuna.

Na farkon shi ne Sebastião Salgado, ɗan ƙasar Birazil, wanda aka haifa a 1944, ya rasu a birnin Faris a 2025. Ilimin tattalin arziki ya karanta, yana kuma da aiki mai tsoka a hukumar kofi ta duniya da ke Landan lokacin da ya ajiye shi a 1973 ya rungumi kyamara. A shekarar ce shi da matarsa Lélia suka zo Nijar, fari ya riga ya cinye dabbobin makiyaya, jama'a sun kwararo garuruwa. A fim ɗin tarihin rayuwarsa wanda Wim Wenders ya shirya tare da ɗansa Juliano a 2014, Salgado ya ambaci Tawa da sunanta, yana nuna hotunan mata a layin karɓar abinci a matsayin farkon aikinsa. Wannan farin ne ya girgiza mulkin Diori Hamani har sojoji suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974.

Daga nan aikin Salgado ya yi rassa. Ya koma Sahel a 1984 da 1985 tare da likitocin MSF, ya ɗauki mahaƙan zinariya na Serra Pelada a ƙasarsu a 1986, ya bi ma'aikatan ƙarfi da ƴan gudun hijira a nahiyoyi, daga bisani ya karkata ga dazuzzuka da namun daji. Duk a baƙi da fari yake aiki, yana kuma sarrafa haske da ƙura har mutumin da yunwa ta rame shi ya fito da kwarjini kamar waliyyi. A nan ne masu sharhi suka kama shi. Ingrid Sischy a 1991 ta ce kyawun hotunansa yana sa mai kallo ya shagala da sha'awa ya manta da bala'in. Susan Sontag kuma a 2003 ta lura cewa ba ya rubuta sunayen talakawan da yake ɗauka, sai su zama misalin wahala kawai. Suka ta farko tana da rauni, domin mummunan hoto bai fi kyakkyawa tausayi ba, kuma babu dalilin da zai sa a hana matalauci kwarjininsa. Ta biyun ita ce mai cizo. Matar da ta tsaya a layi a Tawa a 1973 tana da suna, tana da dangi da garin da ta baro. Hoton ya adana fuskarta, ya zubar da sauran.

Na biyun shi ne Finbarr O'Reilly, ɗan Kanada, ma'aikacin kamfanin dillancin labarai na Reuters a wancan lokacin. Da alƙalami ya fara aikin jarida, bai daɗe da komawa ga kyamara ba lokacin da ya iso Tawa. Ƙarancin ruwan sama da farin ɗango na 2004 sun bar rumbuna wayam, farashin hatsi ya fi ƙarfin talaka, kuma a 2005 kaɗai MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar. Ranar 1 ga Agusta 2005, a wata cibiyar ciyar da yara ta gaggawa a Tawa, O'Reilly ya ɗauki fuskar wata uwa daga kusa, yatsun ɗanta mai shekara ɗaya, ƙanana busassu, sun dafe mata leɓe. A Fabrairun 2006 alƙalan gasar World Press Photo a ƙasar Holan suka zaɓe shi hoton shekara daga cikin hotuna fiye da 80,000.

Ƙarfin wannan hoto yana cikin abin da ya bari a waje. Ba a nuna haƙarƙarin yaro ko kumburarren ciki ba, irin abin da jaridun Turai suka saba bugawa. Hannu ɗaya ya wadatar. Kuma wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai karanta a cikinsa abin da alƙalan gasar ba lalle su gani ba. A nan yunwa abar ɓoyewa ce. Magidanci kan sa a ɗora tukunya ko babu tsaba don maƙwabta su ga hayaƙi, kuma babbar addu'ar talaka ita ce Allah ya rufa asiri. Hannun da ya rufe bakin uwar ya yi kama da wannan kunya, kamar yaron yana ce mata ta yi shiru. Ya kuma yi kama da wani shirun na daban, domin a cikin watan nan na Agusta ne shugaba Tandja Mamadou ya musanta wa BBC cewa akwai yunwa a ƙasar. A irin wannan hali tonon asiri aikin ceto ne, gani kuwa ya kori ji. Wani abin yabo shi ne O'Reilly ya rubuta sunan uwar da na ɗanta a bayanin hoton, ya biya bashin da Sontag ta bi Salgado.

Duk da haka, bashi bai ƙare ba. Lambar yabo da ɗaukaka sun tafi Turai, Tawa kuma ta tsaya a idon duniya a matsayin garin da yara suke ramewa. O'Reilly kansa bai kauce wa wannan tambaya ba. Bayan shekaru yana ɗaukar yaƙi a Kwango da Afganistan da Gaza, ya rubuta littafi a 2017 tare da wani tsohon sojan Amurka a kan raunin da yaƙi yake bari a zuciya. A 2020, da ya ci kyautar Carmignac don yin aiki a Kwango, annobar korona ta rufe iyakoki, sai aka juya aikin ya koma hannun masu ɗaukar hoto ƴan Kwango, shi kuma yana taimakawa wajen tsarawa. Larura ce ta jawo hakan, amma sakamakon ya tabbatar da maganar Hausawa cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, ina masu ɗakin a Adar? Suna nan, kuma sana'arsu ta fi ta baƙin yawan rassa. Mai hoton gari shi ne na katin ɗan ƙasa da takardar jarrabawa, shi ne na biki da suna da naɗin sarauta, shi ne yake tsugune a bakin filin kokawa, wadda Tawa ce ta karɓi gasarta ta ƙasa ta farko a 1975. Adar kuma ƙasar ƴan ci-rani ce, saboda haka hoto ya daɗe yana aikin wasiƙa tsakanin ƙauyukan Keita da Buza da Illela da biranen Abijan da Legas da Libiya. Saurayi ya shiga ɗakin hoto da sabuwar riga, da agogo ko da na aro ne, ya tsaya gaban labule mai zanen bene, ya aika gida don hankalin mahaifiyarsa ya kwanta. Wannan hoton rufin asiri ne. Shi ma bai faɗi gaskiya duka ba, tun da bai nuna ɗakin da mutum goma suke kwana ba, amma wanda aka ɗauka shi ya zaɓi yadda za a gan shi. Matar da ke layin abinci ba ta samu wannan zaɓi ba. Tarihin Adar ba zai cika ba sai an ajiye hotunan nan biyu gefe da gefe.

Irin wannan aiki na ɗakin hoto ba ƙaramin abu ba ne, kuma maƙwabta sun riga sun nuna haka. A Mali, hotunan Seydou Keïta da Malick Sidibé, waɗanda aka ɗauka don mutanen unguwa, su ne suka zama abin alfaharin ƙasar. Tun 1994 ake taron masu hoto na Afirka a Bamako, kuma a 2007 Sidibé ya karɓi Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na Venise a Italiya. Nijar tana da takwaransu, Philippe Koudjina, wanda aka haifa a 1940, ya ɗauki samari da ƴan matan Yamai da wuraren rawarsu a shekarun farko na ƴancin kai. Da injinan wanke hoto mai launi suka shigo, kasuwarsa ta mutu. Fim ɗin Photo Souvenir na 2006 ya same shi cikin naƙasa da talauci, ya rasu a 2014. Idan haka ta faru da wanda ya yi suna a babban birni, mai karatu ya ƙiyasta makomar wanda ya yi shekara talatin yana aiki a wani shago kusa da kasuwar Tawa.

Yanzu wayar hannu ta ƙara matse sana'ar. Kowa mai hoto ne, amma hoton da ke cikin waya yana ɓacewa ranar da ta lalace ko aka sace ta, alhali na takarda yana iya kai wa jikoki. Tsofaffin fina-finan da ake wanko hoto daga cikinsu kuwa zafi da ƙura da gara suna cin su a hankali, magada kuma kan zubar da su idan mai shago ya rasu, don ba su san darajarsu ba.

Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyi ya zo, kuma bai buƙatar kuɗi mai yawa. Malami zai iya sa ɗalibai su aro tsohon hoto ɗaya daga gida da izinin iyaye, su rubuta sunan wanda ke ciki, da shekara, da wuri, da hatimin mai hoton da ke bayan takardar, a kwafa a mayar wa masu shi. Ƙungiya za ta iya ziyartar tsofaffin masu shaguna tun suna da rai, ta naɗi bayaninsu, ta kuma rubuta yarjejeniya da ke tabbatar da cewa haƙƙin hotunan nasu ne da magadansu, don kada wani ya saye su da arha ya fita da su. Jami'ar Djibo Hamani, mai ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Adar, ita ta fi dacewa da adana kwafin, gidan matasa da al'adu na Albarka Tchibaou kuma ya baje su. A wannan baje koli ya kamata a rataye hoton O'Reilly ma, kusa da na amare da ƴan kokawa da ƴan ci-rani na shekarar 2005, don mutanen Tawa su gan shi a garin da aka ɗauke shi.