Masu Gasar Labarin Unguwa

Jinjina ga masu shirya ƙananan gasannin rubutu a Kano, masu ce wa matasa: rubuto mana labarin unguwarku. Ba su da suna irin na Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, haƙuri ne jarinsu. Malamin makaranta zai dawo a gajiye, ya kwana yana duba rubutun hannu da fitilar waya, ba ko sisi.

Albarkacinsu 'yar Fagge ta rubuta ƙarar kekunan teloli a daren sallah, ɗan Ƙofar Mata ya kwatanta hannun kakansa da baba ya rine. Da ba su tambaya ba, da tsofaffi sun tafi da labarin rijiyar da aka cike aka ɗora shago a kanta.