Laifi Da Hukunci A Waƙar Coleridge

Wannan 'yar maƙala za ta dubi jigon laifi da hukunci a waƙar The Rime of the Ancient Mariner, wadda sha'irin Ingila, Samuel Taylor Coleridge, ya wallafa a 1798. A cikin waƙar, wani ma'aikacin jirgin ruwa ya harbe albataros, babban tsuntsun teku mai bin jirginsu, ba gaira ba dalili. Daga baya iska ta ɗauke, ƙishirwa ta addabe su, abokan tafiyarsa su 200 suka mutu, shi kuwa ya rayu. To, ina adalci a nan?

Idan muka lura, da fari mutanen sun tsine wa kisan har suka zarge shi, amma da hazo ya yaye sai suka ce ya yi daidai. Wato da ma'aunin ribarsu suke auna laifi. Sharhin gefe da Coleridge ya ƙara a 1817 ya nuna cewa yardarsu ce ta jefa su cikin laifin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai wannan hujja ba ta gamsar ba, domin da caca Mutuwa da abokiyar tafiyarta suka raba rayukan, abin da caca ta yanke kuwa ba a kiransa shari'a. A ganina, nadama ce ainihin hukuncin da waƙar ta auna daidai. Mushen tsuntsun da aka rataya wa mutumin ya faɗi daga wuyansa, amma har tsufa yana yawo ƙasa-ƙasa yana tona asirin kansa, alhali matattun sun huta.