Jinjina ga Ɗalibai Masu Tsara Fim ɗin Fargaba

Fim ɗin fargaba, wato wanda ake gina labarinsa a kan zullumin abin da zai faru, ya dogara ne ga aikin da ake kammalawa tun kafin a kunna kyamara, kuma a nan ne ɗaliban makarantu irin su Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos suka cancanci yabo. Da yake kuɗinsu kaɗan ne, su ke zaɓen 'yan wasa daga cikin abokan karatu, su sayo tufafin gwanjo, su nemi izinin aiki a tsohon gini, sannan su lissafa kayan wasa, kamar makulli ko wasiƙa, don kada wani ya sauya wuri tsakanin fitowa da fitowa.

Haske ne mafi wuya. A ƙa'ida fitilu uku ake kafawa, babba mai haska fuska, ta biyu mai sassauta inuwa, da ta baya mai raba mutum da bango, amma a irin wannan fim akan rage ta biyun da gangan domin rabin fuska ya nutse cikin duhu, mai kallo ya kasa amincewa da mai ita. A fim ɗin Suspicion na 1941, Alfred Hitchcock ya sa ƙaramar fitila cikin kofin madarar da ake zargin akwai guba a ciki, don ido ya tsaya a kansa. Ɗalibin da ya cim ma irin wannan da fitilar aro da janaretan haya ya cancanci a rubuta sunansa kusa da na darakta.