“Wani” da “Ɗaya”: Sharhi a kan Babi na 38 na Taswirar Harsunan Duniya

A shekarar 2005 ne Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga babban littafin nan mai suna The World Atlas of Language Structures, watau taswirar ginin harsunan duniya, wanda Martin Haspelmath da Matthew Dryer da David Gil da Bernard Comrie suka tsara. Daga baya aka sa shi a intanet, aka yi ta ƙara masa harsuna har zuwa bugun 2013. Babi na 38, wanda Dryer ya rubuta, shi ne abin dubawa a wannan takarda. Maganarsa a kan alamar nakira ce, watau 'yar kalmar nan da waɗansu harsuna su ke rataya wa suna don a nuna mai sauraro bai riga ya san abin da a ke nufi ba, kamar “a” da “an” na Turanci. Tambayar babin guda ce: shin wannan alama ita ce kalmar da a ke ƙirga ɗaya da ita, ko kuwa wata ce dabam?

A bugun 2013 an auna harsuna 534, aka kasa su kashi biyar. Harsuna 112 da kalmar ɗaya su ke nuna nakira. 102 suna da wata kalma dabam. 24 ɗafi su ke manna wa sunan. 98 suna da alamar ma'arifa amma ba su da ta nakira. 198 kuwa ba su da ko guda daga cikin biyun. Lalle wannan aiki ya cancanci yabo. Ko ba kome ya nuna harsuna 296, watau fiye da rabi, suna zaman lafiyarsu ba tare da alamar nakira ba. Saboda haka wanda ya ɗauka rashinta tawaya ce ga harshe, da mudun Turanci ya yi awo.

Dalilin haɗa nakira da ƙirga kuwa sananne ne. “A” da “an” na Turanci daga tsohuwar kalmarsu ta ɗaya suka gangaro, bakin mutane ya yi ta gugarta har ta lashe. “Un” na Faransanci daga “unus” na Latin ya fito. Jamusawa da “ein” su ke yin aikin biyu, Turkawa kuma da “bir”. Larabcin littafi da tanwini ya ke nuna nakira, amma Larabcin Maroko ya jawo “wahid” ya ɗora masa wannan kaya. Talmy Givón ya bi sawun wannan canji cikin Ibrananci a 1981, sa'an nan Bernd Heine, a littafinsa na 1997, ya jera matakai biyar da kalmar ta ke hawa: da fari ƙirga kaɗai, sai gabatar da jarumin labari, sai nuna takamaiman abin da mai sauraro bai sani ba, sai nuna abu ko wane iri, daga ƙarshe ta bi kusan kowane suna.

Ba sai an ƙetare teku a ke ganin wannan ba. Wanda ya ratsa babbar kasuwar Kaduna zai ji Bayarabe ya ce “okunrin kan”, wani mutum ke nan, “kan” ɗin nan kuwa ita ce ɗaya a Yarabanci. Zai ji mai Turancin kasuwa ya buɗe labari da “wan man”, ya bar “a” ɗin 'yan makaranta ya koma ga kalmar ƙirga. Amma Bahaushen da ke zaune tsakaninsu “wani mutum” zai ce, kuma “wani” ba ta haɗa dangi da “ɗaya” ba ta kowace fuska. A nan ne aibin babin ya ke. Bisa ga ma'auninsa Turanci yana cikin kashin harsunan da alamarsu ta bambanta da ɗaya, domin “a” da “one” ba lafazinsu guda ba a yau. In aka auna Hausa da ma'aunin nan, can ita ma za ta faɗa. Ke nan an zuba su kwando guda, alhali ta Turanci 'yar ƙirga ce da ta yi nisa da gida, ta Hausa kuwa ba a gidan aka haife ta ba.

Shaidun haka guda huɗu ne. Na farko, “wani” tana bin jinsi da adadi: wani yaro, wata yarinya, waɗansu yara ko wasu yara. “Ɗaya” ba ta sāke kama ko ga namiji ko ga mace, ba ta kuma da jam'i. Na biyu, mazauninsu dabam ne: “wani” gaban suna ta ke zuwa, “ɗaya” bayansa. Na uku, suna haɗuwa cikin zance guda ba gardama, kamar a ce “wani mutum ɗaya ya rage a ɗakin”, ko “wata mace guda”. Na huɗu, surarta ta nuna 'yan uwanta. Wani, wata, waɗansu sahu guda su ke da wane, wace, waɗanne na tambaya, da wannan, wancan, waɗannan na nuni. Paul Newman a nahawunsa na 2000 da Philip Jaggar a nasa na 2001 duk sun bayyana ta da cewa alama ce ta takamaiman abu wanda ba a fayyace ba. Watau tana yin aikin mataki na biyu da na uku na tsanin Heine, ba ta kuwa taɓa taka na farko ba.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne inda “ɗaya” ta nufa da ta bar ƙirga. A Turai nakira ta koma. A Hausa ma'arifa ta dosa. In mutum yana da 'ya'ya biyu, aka ce ɗaya yana Kawo, ɗayan yana Tudun Wada, “ɗayan” sananne ne, ba na uku. In aka ce “kawo wani”, ko wanne ya samu. In aka ce “kawo ɗayan”, an san shi. Har wa yau “ɗaya” kan nuna daidaito, kamar “duk ɗaya ne” da “uwa ɗaya uba ɗaya”, ko ta nuna cika, kamar “gaba ɗaya”, ko ta ƙarfafa korewa, kamar “ban ga mutum ko ɗaya ba”. Taswirar ba ta da gurbin ko guda daga cikin waɗannan, gama ita tambayarta i ko a'a ce.

Aibi na biyu shi ne babin bai ba wajabci nauyin da ya kamace shi ba. Bature ba shi da ikon ambaton sunan abu tilo mai ƙirguwa tsirara. Tilas ya sa masa “a” ko “the” ko makamancinsu. Bahaushe zaɓi gare shi. Yakan ce “na sayi doki”, magana ta ƙare. In ya ce “na sayi wani doki”, mai sauraro sai ya gyara zama, don ya san akwai labari a kan dokin nan. Jaggar ya ƙirga wannan cikin labaran Hausa tun shekarun 1980, ya nuna sunan da za a ci gaba da zancensa, tun ba mutum ba, shi ya fi samun “wani”. Ashe ba rashin sani kaɗai ta ke nunawa ba, alkawari ce ta cewa za a komo kan abin.

Mai karatu ya iya cewa wannan gardamar malamai ce kurum. Ba haka ba ne, kuma tarihin Kaduna shi ne shaida. Tun da aka mai da hedkwatar Arewa can a 1917, gefen arewa na kogin ya zama masaƙar fassara. A zauren Lugard Hall da Turanci da Hausa aka yi ta muhawarar Majalisar Jihar Arewa. A 1955 aka kafa Hukumar Hausa don daidaita rubutu da kalmomin aro. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, a 1966 kuma jaridar New Nigerian ta fara fita. Aikin irin waɗannan wurare ya ƙunshi juya takardar Turanci zuwa Hausa cikin gaggawa, kuma babu tarkon da ya fi kama mai fassara kamar “a”, don ƙanƙantarta.

Ga misali. In Turanci ya ce mutum malami ne, da “a” zai faɗa. Mai fassara da ya ɗauka kowace “a” “wani” ce sai ya rubuta “shi wani malami ne”. Bahaushe kuwa in ya ji haka, ko dai ya jira a gaya masa wane irin malami, ko ya ji ƙanshin reni, irin na “ba wani malami ba ne”. Daidai ita ce “shi malami ne”. A sanarwar hukuma abin ya fi haka hatsari. Turanci kan kafa doka a kan kowa da “a person who”. In aka juya ta “wani mutum da ya ƙi biyan haraji za a hukunta shi”, an mai da doka labari, kowa sai ya tambayi maƙwabcinsa ko wane ne wannan mutum. Hausar ita ce “duk wanda ya ƙi biya”. Haka kuma “sau biyu a wata shekara” ba ita ce “sau biyu a shekara” ba: ta farko ta auku ta wuce, ta biyu kullum ce. Ɗalibin da ya buɗe taswirar ya ga harshensa zai zauna kashi guda da Turanci, ba abin da zai gargaɗe shi game da wannan rami.

Ba a ce a yar da babin ba. Wanda ya ɗauki harsuna fiye da ɗari biyar tilas ya yi awo da babban mudu, kuma Dryer bai yi da'awar ba da tarihin kowace kalma ba. Amma da za a sake bugu, ya kamata a raba kashin nan na 102 gida biyu, a ware alamun da suka gangaro daga ƙirga da waɗanda suka fito daga wata tsatso, a kuma nuna inda alamar ta ke wajibi da inda ta ke zaɓi. Kafin a yi haka, nauyin yana kan malaman Hausa da masu koyar da fassara. Abin da ya kamata su dasa a zuciyar ɗalibi shi ne, “a” ta Turanci ƙofa huɗu gare ta zuwa Hausa: wani lokaci “wani”, wani lokaci “ɗaya” ko “guda”, wani lokaci “duk” ko “kowane”, galibi kuwa a bar sunan shi kaɗai. Sanin wadda za a bi ba a taswira ya ke ba, sai a bakin masu harshen.