Tsohon Madubin Hangen Nesa Bai Cancanci Bola Ba

A da, madubin hangen nesa sai a wuyan soja ko Baturen gona. Tun da 'yan bindiga suka addabi kudancin Katsina abin ya sauya: manomi a Dayi da ɗan sintiri a Malumfashi kowa na so ya hango abin da ke tahowa tun daga bakin daji. Ga kuma masu fita duban wata kafin sanarwar Sarkin Musulmi. Buƙatar gaskiya ce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin madubin da ake kwasowa daga Kano, ana watsar da tsofaffin da suka fi shi.

Kun san shi: na roba, mai jan ido, an zabga masa manyan lambobi a jiki. Jan nan ba ya sa a gani da dare, ko me mai talla ya ce. Lambar ma akwai yaudara a ciki. In an rubuta 7x50, ana nufin yana kusanto da abu sau 7, faɗin gilashin gaba kuwa milimita 50 ne. Da zarar kusantarwa ta wuce sau 10 ko 12, rawar hannu kaɗai ta isa ta hana ka tantance mutum ne ko kututture. Kuma yawancinsu da gam aka liƙe su, faɗuwa ɗaya sai bola.

Tsohon kuwa don a buɗe shi aka ƙera shi. Tsarin gilasai masu kusurwa da ke cikinsa na wani ɗan Italiya ne, Ignazio Porro, tun 1854, kamfanin Zeiss na garin Jena a Jamus ya fara sayar da irinsa a 1894. Daga baya Rasha ta yi ta ƙera 8x30 a Kazan, Japan ma ta cika duniya da nata bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙarfe ne da gilashi da sukuru.

Cututtukansa sanannu ne. Maiƙo ya daskare, abin saiti ya ƙi juyawa. Ƙurar hunturu ta shige, ko laimar damina ta haifar da fumfuna mai kama da saƙar gizo a cikin gilashi. Mafi muni shi ne in ya bugu gilashin ciki ya goce: ido biyu su daina haɗuwa, ka ga bishiya ɗaya ta zama biyu, kai ya ɗau ciwo. A nan mutane ke cewa ya mutu, alhali sau da yawa 'yan ƙananan sukuru ne ake juyawa kaɗan-kaɗan, ana leƙen wani abu mai nisa, hasumiyar masallaci ko turken waya, har hoton ya dawo ɗaya.

Wa zai yi wannan aiki? Ni dai ina ganin mai gyaran agogo. Yana nan a kasuwar Funtua da ta Malumfashi da ɗan akwatinsa na gilashi, waya ta kwashe masa ciniki, ya koma sauya batir. Hannun da ya saba da sukurun da ido ke gani da ƙyar, ga haƙuri ga tsafta, ba zai kasa koyon wannan ba. A kai masa, a biya shi da daraja, a bar shi ya ɗau lokaci.

Ba kowanne ke gyaruwa ba. In gilashin ciki ya tsage, ko fumfuna ta riga ta cinye shafen da ke kansa, sai dai a cire sassa. Don haka kafin ka saya wurin 'yan gwangwan, juya shi, haska tocila, ka leƙa ta babban ido. Kada ka goge shi da bakin riga. Hure ƙurar tukuna. Masu duban wata kuma, don Allah ku jira rana ta faɗi sarai kafin ku ɗora shi a ido, domin hasken da ya tara yana iya ƙona ido nan take.