Hoton Malamin da Aka Ɗaure a Jikin Bishiya

A Janairun 2002, 'yan tawaye masu aƙidar Mao suka fito da Muktinath Adhikari daga makarantar da yake koyarwa a gundumar Lamjung ta ƙasar Nepal, suka ɗaure shi a jikin bishiya, suka kashe shi. Hoton gawarsa, hannuwa a ɗaure ta baya, shi ne ya fi tsaya mana a rai cikin littafin hotuna mai suna A People War, wanda ɗan jarida Kunda Dixit ya tattara aka buga a 2006, shekarar da yaƙin basasar ƙasar na shekara goma ya ƙare.

Tun daga sunan littafin akwai magana. 'Yan tawayen sun kira gwagwarmayarsu yaƙin jama'a. Dixit ya ɗan taɓa sunan, ya mayar da shi yaƙin da aka yi a kan jama'a. Hotunan ma haka suke: zawarawa, yara, gidajen da aka ƙone, ba jarumai ba. Ga ƙasar da Sarki Gyanendra ya ƙwace mulki a Fabrairun 2005, ya katse tarho da intanet, ya girke sojoji a ofisoshin jaridu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen Katmandu da yawa sun sha jin labarin yaƙin ƙauye, amma ba su ga fuskarsa ba. Da aka zagaya da hotunan garuruwa a 2007, tsofaffin mayaƙa da jami'an tsaro da iyalan mamata duk sun je kallo.

To, sai dai muna da ja. Littafin ya yi ƙoƙarin raba baƙin ciki daidai tsakanin waɗanda 'yan tawaye suka kashe da waɗanda jami'an gwamnati suka kashe, kuma hakan ya dace da lokacin sulhu. Amma mai ɗaukar hoto yakan iso ne bayan an gama aika-aika. Muna ganin gawa, ba ma ganin hannun da ya riƙe bindiga, balle bakin da ya ba da umarni. Waɗanda aka ɓatar a barikokin soja kuwa, babu kyamarar da ta shiga inda aka tsare su. Abin da ya rage shi ne ɗan hoton fasfo a hannun uwa. Mai kallo zai zubar da hawaye ya tafi gida bai san wa zai tuhuma ba, kamar annoba ce ta ratsa ƙasar.

An rushe sarauta a Mayun 2008, Prachanda, jagoran 'yan tawayen, ya zama firaminista a shekarar. Hukumar gaskiya da sulhu ba ta kafu ba sai 2015. Kusan kowa a Nepal ya san hoton Adhikari, amma ɗansa Suman ya shafe shekaru yana bin hukumomi yana neman a gurfanar da waɗanda suka ɗaure mahaifinsa.